Ba a Nono Muka Sha Ba

Ina 'yar shekara 11 aka kawo Goggo gidanmu jinya. Ƙanwar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma duk dangi babu mai sakin hannu kamarta. In ta zo Zariya daga Funtuwa, ko ƙuli-ƙuli ne sai ta ƙullo mana a bakin zani. A wannan zuwan kuwa, na 1996, kwance aka kawo ta a bayan a-kori-kura bisa katifa. Aka share mata ɗakin ƙurya, aka rataya labule mai kauri, aka ja mana kunne kada wanda ya kuskura ya leƙa.

Warin na fi tunawa. Inna ba ta barin kasko ya huce, safe da yamma tana zuba turaren wuta, amma akwai wani wari a ƙarƙashin ƙamshin da ya ƙi ɓoyuwa. Wata rana aka aike ni da kwanon koko, na tarar ana sauya mata tsumma. Na ga ƙirjinta na hagu ya fashe, ya yi baƙi, yana ruwa. Ta yi maza ta ja zani, ta yi mini murmushi, ta ce, "Ajiye nan, 'yar gidan Goggo. Allah ya yi miki albarka."

Manya suna cewa daji ne, kuma daji ba ya son ƙarfe, da an yi masa allura ko an sa masa wuƙa sai ya fusata ya bazu. Saboda haka ba a yi zancen asibiti ba. Wasu kuma suna raɗa cewa jifa ce kishiyarta ta yi mata. An sha saƙe-saƙi, an sha rubutu, an shafa abin shafawa, har da wani mai magani da aka ɗauko daga ƙauye ya kwana uku a zaure. Da damina ta rasu, tana da shekara 41, ta bar 'ya'ya shida. Tun daga sadakar bakwai ban ƙara jin wani ya ambaci sunan ciwon a gidanmu ba.

Na girma, na yi karatun koyarwa, aure ya kawo ni Kano, na haifi uku. Ina jin shirye-shiryen rediyo kan sankarar mama, musamman a watan Oktoba, har nakan yi wa 'yan ajina nasiha a kai. Amma ni kaina na cire kaina daga lissafin. Inna lafiyarta ƙalau, 'yan'uwanta mata duk lafiya, kakarmu ta wajen uwa ta haura tamanin tana tsinkar zogale da hannunta. Mu dai in mun ga hali a jikin yaro cewa muke yi a nono ya sha. To ciwon nono kuma, ta ina zai zo in ba ta wajen uwa ba? Haka na yi wa kaina fatawa, na kwanta na yi barci shekara da shekaru.

A ƙarshen 2021 Yaya ta kira ni bayan isha'i. Ita nake bi, shekara biyu ta ba ni. Ta yi ta kewaye-kewaye, ta tambayi yara, ta tambayi aiki, can sai ta ce akwai wani ƙullutu da take ji a mamanta na dama. Na ce tun yaushe? Ta ce tun kafin Babbar Sallah. Wata biyar ke nan tana shafa man zaitun da habbatussauda, ko mijinta bai sani ba.

Aka ɗebi tsoka aka auna, ya tabbata. Likita ya ce irin nata ba ya jin ƙwayoyin da ake ba wasu mata su yi ta sha tsawon shekaru. Abubuwa uku ake dubawa a jikin tsokar don sanin maganin da zai kama shi, nata duk ukun babu. Sai kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon, sai tiyata, sai gashi da na'ura. Ni ce mai jinya. Ni na riƙe mata roba tana amai, ni na tattara gashin kanta daga kan matashi na zuba a leda don kada 'yarta ta gani.

Ranar da komai ya juya, wata ƙaramar likita ce ke cike takarda. Ta tambayi Yaya ko a dangi akwai wanda ya taɓa yin irin wannan ciwo. Yaya ta ce babu. Ni kuma, don kawai kada a ce mun ɓoye wani abu, na ce sai dai wata Goggonmu, amma ita ai ta wajen uba ce. Likitar ta ajiye biro. Ta ce shekararta nawa? Na ce arba'in da ɗaya. Ta dubi Yaya mai shekara 39, ta dube ni, ta ce akwai wadda take so mu gani.

Haka muka sami kanmu a Abuja gaban wata mata da aikinta ke nan, zama da iyali a bi diddigin cututtukan gado. Bayarabiya ce, amma ta yi bautar ƙasa a Sakkwato, tana tsintar Hausa. Na zaci jini za ta ɗiba mu tafi. Sai ta ciro farar takarda da fensir ta ce mu fara daga kakanni. Namiji ta zana masa murabba'i, mace da'ira, wanda ya rasu ta ja masa layi a karkace, wanda ya yi ciwon ta cike shi da baƙi. Da muka zo kan Baba na ce mata uku ya aura, mu 19 ne, sai ta yi dariya ta ɗauko wata takardar ta liƙa a gefe da salatif. Kafin mu gama sai da ta liƙa ta uku.

Tambayoyinta ba su da kunya. Wane ne ya rasu, yana da shekara nawa, me ya kashe shi? Mu kuwa amsarmu ɗaya ce a gida, kwana ne ya ƙare. Da ta tambayi mahaifiyar Baba, na rasa ta cewa, don ban tashi na gan ta ba. Nan take na kira wata tsohuwa a danginmu da ta yi zamani da ita. Ta ce, "Ai kumburin ciki ne. Cikin ya yi tulu kamar mai wata tara, ita kuwa ta rame sai ido. Ba ta fi hamsin ba." Matar ta ce ba za ta iya yanke hukunci a kan wadda ta rasu tun da daɗewa ba, amma wannan siffa ta yi kama da sankarar jakar ƙwan haihuwa. Sai kuma na tuna babbar 'yar Goggo da ta rasu a Funtuwa tana da shekara 35, wadda aka ce mana nono ne ya sangarce mata bayan haihuwa. Ta cike da'irarta ita ma. Da ta juyo mana da takardar, ga baƙaƙen da'irori huɗu, duk sun rataya a ɓangaren Baba. Ɓangaren Inna fari fat.

Bayanin da ta yi mana, ga yadda na riƙe shi. Kowane mutum, mace ko namiji, yana da wasu ƙwayoyin halitta guda biyu da ake kira BRCA1 da BRCA2. Aikinsu kamar na tela mai faci ne, duk inda saƙar jiki ta ɓarke su ɗinke kafin ɓarakar ta zama ciwo. Kowace ɗaya kwafi biyu muke da ita, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. In an haifi mutum da kwafi ɗaya mai lahani, ɗayan ne zai yi ta aikin shi kaɗai, ranar da shi ma ya gaza a wani lungu na jiki, to ƙofa ta buɗu. Duk ɗan da mai lahanin ya haifa, rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko ya kuɓuta, kuma kowace haihuwa lissafinta daban. Uba yana iya ɗauke da shi har ya tsufa bai yi ko ciwon kai ba, ya miƙa wa 'ya'yansa mata.

Yaya ta ce, wato kamar sikila? Ta ce a'a. Sikila sai AS ya gamu da AS kafin a sami SS, shi ya sa ake gwaji kafin aure. Wannan kuwa daga gefe ɗaya ya isa. Na ji daɗin wannan tambaya daga baya, don da maganar ta fasu a dangi, abin da aka fara ɗora wa laifi auren zumunci ne, alhali Inna da Baba ko gari ba su haɗa ba.

Ta kuma ce kada mu ɗauka duk sankarar mama gado ce. A cikin ɗari, biyar zuwa goma ne kawai. Sai dai a Najeriya abin ya fi haka: binciken da Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Shikago da abokan aikinta suka yi kan mata sama da dubu masu ciwon a Ibadan, wanda aka buga a 2018, ya gano bakwai cikin ɗari suna da lahani a BRCA1, kusan huɗu kuma a BRCA2. Mace mai lahanin BRCA1, yiwuwar ta yi sankarar mama a tsawon rayuwarta tana kaiwa kashi 55 zuwa 72 cikin ɗari, ta jakar ƙwai kuma wajen kashi 40. Ina jin lambobin, ina kallon da'irata a takarda, fara, kusa da ta Yaya.

Yaya aka fara gwadawa, don ita ce mai ciwon; in an ga lahanin a jininta, an san takamaiman abin da za a nema a namu. An faɗa mana amsa uku ce: akwai, babu, ko kuma an ga wani sauyi da masana ba su san ma'anarsa ba tukuna, wanda ya fi faruwa ga mu 'yan Afirka saboda yawancin jinin da aka yi nazari a kansa na Turawa ne. Waje aka aika da jinin. Bayan mako shida amsa ta zo. BRCA1.

Na ce to a ɗebi nawa yau. Matar ta ƙi. Ta ce in koma gida in yi mako biyu ina tunani: in aka ce akwai, me zan yi da labarin? Wa zan faɗa wa? Mijina ya sani? Akwai wanda zai riƙe ni ranar? A lokacin haushi na ji, na ga kamar ja mini rai take yi. Yanzu na san da ta biye mini da na karɓi abin da ban shirya ɗaukarsa ba.

Baban yara bai so ba. Ya ce, "Ke da kike lafiya, me zai kai ki neman abin da bai neme ki ba? Ki bar wa Allah." Ban iya ba shi amsa ba, don rabin zuciyata bayansa take. Na kai maganar wurin malamarmu ta Islamiyya. Ba ta ce in yi ba, ba ta ce in bari ba. Labarin Sayyidina Umar ta ba ni, lokacin da ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke, ya juya da jama'a. Aka ce masa gudun ƙaddarar Allah kake yi? Ya ce muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Na yi istihara kwana uku. Na sayar da awarwaron zinaren da na saya da sadakina, don jinyar Yaya ta riga ta cinye duk abin da muke da shi. Da safen da zan tafi, baban yara ya ɗauki makullin mota bai ce komai ba, shi ya kai ni tasha.

A watan Yuni na 2022 na karɓi tawa amsar. Tun kafin ta buɗe baki na gane, don ta matso da kwalin tishu kusa da ni. Ban yi kuka ba. Na tambaye ta inda banɗaki yake, na shiga na kulle, na tsaya gaban madubi ina kallon ƙirjina cikin hijabi kamar na wata. Lafiyata ƙalau, babu inda ke mini ciwo, amma sai na ji warin ɗakin Goggo a hancina. A mota har Kano ban sa komai a bakina ba. Tunanina ɗaya, 'ya'yana mata biyu.

Faɗa wa Baba ya fi karɓar sakamakon wuya. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya haura saba'in, mutum mai ƙarancin magana. Na same shi a zaure bayan la'asar yana jan carbi, na durƙusa, na shimfiɗa takardun nan uku da aka liƙe. Na nuna masa mahaifiyarsa, na nuna masa ƙanwarsa, da 'yarta, da Yaya. Ya daɗe yana kallo. Ya ɗora yatsa a kan murabba'insa, ya ce, "Wannan ni ne?" Na ce eh, Baba. Ya ce, "Wato ta kaina ya biyo." Na ce Baba, kai ma ba ka zaɓa ba, kamar yadda ba ka zaɓi tsayinka ba. Bai amsa ba. Can ya ce, "An zalunci matar nan." Sai da na yi jim kafin na gane kishiyar Goggo yake nufi. Shekara 26 danginmu ba sa gaisawa da ita. Washegari ya sa ƙanina ya kai shi Funtuwa.

Sauran dangi kuwa kowa da yadda ya ɗauka. Ƙannena maza suka ce ai zancen mata ne, sai da na yi ta nanata musu cewa namiji ma yana da nasa rabon, ta wajen sankarar mafitsara ta maza da ake kira furosteti, har da ta mama, kuma 'ya'yansu mata ta kansu za su gada. Amaryar Baba ta ce so muke mu kashe wa 'ya'yanta kasuwa, wa zai auri yarinyar da aka ce gidansu akwai daji? Na ji zafin maganar, amma ban ga laifinta ƙwarai ba; na san garinmu, na san yadda magana ke tashi daga gidan suna ta sauka a gidan biki. Har yau 'ya'yanta ba su yi gwajin ba. Na dai samu sun yarda suna zuwa a duba su.

Autarmu ta yi, ta fito babu. Na zaci za ta yi murna, sai ta kira ni tana kuka wai kunyarmu take ji, ni da Yaya. Na ce ke, tashi ki yi sujada, ki bar mana wannan shirmen. An dai gaya mata ita ma ta ci gaba da kula da kanta kamar kowace mace, don fita daga gadon bai zama katanga ba.

Ni kuma aka shimfiɗa mini zaɓi. Na mama, ko a cire duka biyun tun suna lafiya, kamar yadda 'yar fim ɗin Amurka Anjelina Joli ta yi a 2013, ko a sa musu ido sosai: hoton MRI da na mamogiram kowace shekara, a raba su wata shida-shida. Na jakar ƙwai kuwa babu wani gwaji da ake dogara da shi ya kama ciwon da wuri, shi ya sa ake ba mai BRCA1 shawarar a cire ta tsakanin shekara 35 zuwa 40, in ta gama haihuwa. To wace mace ce ta gama haihuwa da 'ya'ya uku a gidan Bahaushe? Surukata ta daɗe tana tambaya ko lafiya, shiru haka. Na san in aka yi aikin nan, na buɗe wa zancen kishiya ƙofa da hannuna. Na yi wata takwas ina juya abin.

Yaya ce ta yanke mini. Ciwon ya dawo mata, ya shiga huhu. Wani dare ina gyara mata matashi, numfashinta yana fita da ƙyar, ta kama hannuna ta ce, "Ni ban samu an faɗa mini ba. Ke an faɗa miki." Bayan Babbar Sallah ta 2023 ta rasu. Shekararta 41, daidai da Goggo. Bayan arba'in ɗinta da mako biyu aka yi mini aikin, ina da shekara 38. Baban yara ne ya sa hannu a takarda, kuma shi ya tari mahaifiyarsa da bayani, ban san me ya ce mata ba, ban kuma tambaya ba.

Ba zan ce abin ya zo da sauƙi ba. Al'ada ta ɗauke rana ɗaya. Zafi yakan taso mini daga ƙirji zuwa fuska ina tsakiyar darasi, gumi ya jiƙa hijabi, yara su yi ta kallona ko a cikin hunturu. Barci ya yi ƙaura, fushi ya zo kusa. Likita ya ɗora ni kan maganin da ke maye gurbin sinadarin da jiki ya daina yi, ya ce in kula da ƙashina, abin ya lafa. Maganar kishiya tana nan tana tashi tana kwanciya, na daina hana kaina barci a kanta. Mama kuwa ban cire ba tukuna. Duk wata shida ina kan hanya, in zagayen MRI ne in kwanta rub da ciki cikin injin nan mai ƙara kamar ana daka, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Mako ɗaya kafin ranar ba na iya cin abincin kirki. Sau ɗaya an ga wani abu, aka ɗebi tsoka, ya zama ba komai. Kwana tara na jiran amsar nan sun sa na fara tambayar likita yadda aikin cirewar yake.

Takardun nan uku suna cikin akwatina, ƙarƙashin zannuwa. Na ƙara wa da'irar Yaya layinta da hannuna. Kwanakin baya babbar 'yata, mai shekara 15, tana neman ɗankwali ta ci karo da su. Ta kawo mini ɗaki ta ce, "Umma, wannan da'irar ta ƙasa ni ce?" An riga an gaya mini ba a gwada yara, sai sun kai 18 su zaɓa da kansu, don babu abin da za a fara yi musu kafin wajen shekara 25. Na ce ke ce. Ta ce me ya sa tawa babu komai a ciki? Na ce zauna, rufo ƙofar. Na fara mata daga Goggo.